Alƙahira da tsohuwa a hannu: dala za mu fara ko tsohon birni?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san Alƙahira. Cikin watan Fabrairu in Allah ya yarda zan raka mahaifiyata a duba mata ido, kuma an gaya mana bayan gwaji za a sami 'yan kwanaki kafin ranar aiki. Ba na so mu ƙare su a ɗaki muna kallon bango. Hajiya ta haura saba'in, gwiwa na damunta, amma mai son ganin wuri ce, tun da aka fara maganar tafiyar nan ba abin da take faɗa sai a kai ta Azhar. Ni kuwa dala, manyan kaburburan Fir'aunoni na Giza, ita ce a raina tun ina makaranta. Ta ina za mu fara, me kuma ya kamata mu haƙura da shi?

Hajiya Mai Abaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ɗana, duk yawon da za ku yi ku yi shi kafin aiki. Garin nan akwai ƙura da hayaƙin mota, idon da aka taɓa ba zai so su ba. Sannan Fabrairu sanyi ake yi, mai shiga ƙashi da dare da asuba, ka tanadar mata rigar sanyi da safa tun daga gida. Kada kuma taswirar waya ta ruɗe ka ka ga wuri kusa. Mutum sama da miliyan 20 ne a garin da kewayensa, tafiyar da ya kamata ta ci minti ashirin sai ta cinye sa'a guda da rabi in ka fito lokacin tashi daga aiki. Wuri ɗaya da safe, a dawo ta yi azahar ta kwanta, wuri ɗaya da yamma. In ka haɗa mata huɗu a rana, ranar aiki a gajiye za ka kai ta.

Ɗan Azhar:
Yaya, Hajiya ta fi ka gaskiya, Azhar za ku fara. Ba don ina karatu a nan nake faɗa ba. Dala rabin yini ta ishe ka, ka gani, ka yi mamaki, ka ɗauki hoto, ka dawo. Tsohon birni kuwa ko wata guda ka yi ba ka gama shi ba, kuma shi ne mutanenmu suka fi tsallakewa. Sai ka ga mutum ya zo daga Kano ya je Giza, ya je kasuwa ya sayi turare da jallabiya, ya hau jirgi, bai taka masallacin Ibn Ɗulun ba, bai ma san da shi ba.

Ga yadda wurin yake. Sarakunan daular Fatimiyawa ne suka kafa Alƙahira a 969, kwamandansu Jauhar ya aza harsashin Azhar a 970, aka fara salla a ciki a 972. In mota ta ajiye ku a titin Azhar, masallacin na gefe ɗaya, masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili na ɗaya gefen. Tsakar masallacin shimfiɗe take da farin marmara, Hajiya za ta iya zama a inuwa ta jingina da ginshiƙi ta kalli ɗalibai daga Indonesiya, Senegal, Najeriya, Nijar, kowa da littafinsa a cinya, ga halƙar karatu a lungu malami na kan kujera. Ba tikiti, ba a biyan komai, sai ɗan abin da za ka ba mai ajiye takalma.

Malamin Tarihi:
Allah ya yi maka albarka ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Baban Ilham, bari in ƙara maka dalilin da zai sa ka ɗauki maganar mahaifiyarka da muhimmanci. Bahaushe ko Babarbare a Alƙahira ba baƙon jiya ba ne. Tun cikin shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, tsohon garin da yanzu yake kudancin Alƙahira, ta 'yan Malikiyya, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka. A cikin Azhar kanta akwai ruwaƙi na mutanen Barno, wato sashen da ɗalibansu ke kwana suna karatu. Mansa Musa na Mali ya sauka garin a 1324 kan hanyarsa ta hajji, aka hau da shi Ƙal'a, fadar sarakuna mai ganuwa a kan tudu, wurin Sarki Nasir Muhammad, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa.

Ku zo kusa da gida. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Tafsirin Jalalaini da ake ja mana baki da shi kowane watan azumi, rabinsa aikinsa ne, rabi na malaminsa Mahalli, dukansu mutanen Alƙahira. Shehu Halil mai Muhtasar, littafin da alƙalanmu suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, a garin ya rayu ya koyar. Akwai kuma namu na kanmu, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, wanda ya je hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. To mutumin da ya tashi a zaure ya ji ana karanta waɗannan littattafai, ya zo garin masu su, ya wuce kai tsaye wurin kabarin Fir'auna ya juya, ai ya bar nasa a baya.

Maman Walid:
Malam, daga Maradi nake gaishe ku. Wallahi ban taɓa jin labarin Bakatsinen nan ba sai yau, ga shi mu nan Katsinawa ne asalinmu. Allah ya ƙara ilimi.

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Ni dai ina da magana a kan ɓangarorin biyu, kuma don Allah nake faɗa. Maganar dala da gawarwakin Fir'aunoni: ya tabbata a Buhari da Muslim cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biyo ta Hijir, garin Samudawa, a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wuraren waɗanda aka azabtar sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Mu kuma sai mu biya kuɗi mu je muna dariya muna ɗaukar hoto a kabarin masu cewa su alloli ne? Tsohon birnin da ake yabo kuma, yawancin masallatan nan kabari ne a cikinsu. Ku je masallacin Husaini ku gani, mutane na shafar ƙarfen kabari suna kuka suna roƙo. Ita kanta maganar cewa kan Husaini na wurin, Ibn Taimiyya ya ƙaryata ta. Tsohuwa mai neman lafiyar ido ita ce ta fi saurin faɗawa irin wannan, wata ta ja hannunta ta ce shafa ki shafa a idonki. Ka kula da aƙidar mahaifiyarka kafin gwiwarta.

Malamin Tarihi:
Malam Abu Sumayya, hadisin ingantacce ne, ba mai ja. Amma Hijir wuri ne da azaba ta sauka a kansa. Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi, ba a Giza ba. Sannan mutane na haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Babbar dala ta sarki Khufu ce, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa ke zaton shi ne na zamanin Annabi Musa, ya hau mulki a 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, wato tsakaninsa da Khufu akwai fiye da shekara dubu. Lokacin da Ramsis ke mulki, dalar nan ta riga ta zama tsohon tarihi a wurinsa. Kuma Amru ɗan Asi da sahabban da suka buɗe Masar sun kafa Fusɗaɗ a 641 suna hangen dalar nan daga ƙetaren kogi, ba su rushe ta ba. Alƙur'ani a wurare da dama ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace ku ya kasance, alhali sun fi ku ƙarfi da barin alamomi a ƙasa. Ina za ka ga tafsirin wannan a fili fiye da gaban dutse kusan miliyan biyu da dubu ɗari uku da mutum ɗaya ya sa aka tara don kada a manta da shi?

Abu Sumayya:
To Malam, in da niyyar wa'aztuwa ake zuwa ai da sauƙi. Amma ku faɗi gaskiya, cikin mutum ɗari da ke zuwa nawa ne ke tuna ayar? Hotunan da ake sakawa mun gani, ana sumbatar gunki, ana tsalle.

Malamin Tarihi:
Wannan laifin mai zuwa ne, kuma shi ya sa ake irin wannan tattaunawa kafin mutum ya tashi. Na yarda da kai a kan shafar kabari, a gaya wa Hajiya tun a gida: sallama da addu'a ga mamaci, roƙo ga Allah shi kaɗai.

Maman Walid:
Ni na shiga ɗakin gawarwakin, bari in faɗi abin da na gani. Ba sa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir yanzu, tun watan Afrilu na 2021 aka kwashe su, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mai da su sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ. Ana gangarawa ƙasa ne, wurin da duhu-duhu, an hana hoto, an hana hayaniya. Kowanne na kwance cikin akwatin gilashi an lulluɓe jikinsa, sai kai da hannu da ƙafa. Ramsis ɗin nan da ake faɗa, na tsaya a kansa. Tsoho ne siriri, hanci a lanƙwashe, ga sauran gashi a gefen kansa ja-ja, ga farce a yatsunsa. Wani ma da raunin gatari a goshi, bakinsa a buɗe. Ni ayar nan ta suratu Yunus ce ta faɗo mini, inda Allah ya ce zai tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya, ko da yake ba wanda zai rantse maka cewa wannan ne shi. Na fito jikina a sanyaye, ranar ban iya cin abinci ba. Amma ba zan kai uwata ba. Gawa haƙƙinta a suturta ta, ko ta wace ce, kuma tsohuwa mai jiran aikin asibiti ba ta bukatar wannan a idonta. Su kansu Misirawa sun yi jayayya a kai, a zamanin Anwar Sadat an taɓa rufe ɗakin gaba ɗaya.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai 'yar uwa. Gawarwaki kam na cire wa Hajiya, in na samu sarari ni kaɗai zan leƙa. Malam Abu Sumayya, na ji nasiharka kuma zan kiyaye. Amma ita dalar, anya tsohuwa za ta iya?

Hajiya Mai Abaya:
Za ta iya in ka yi dabara. Ku isa da sassafe ana buɗewa, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Akwai wani tudu da ake hango dalar uku a jere, nan za ka kai ta, ta sauka ta gani, ta koma mota. Cikin dala kuwa kada ma ka fara. Rami ne matsattse da ake hawa a sunkuye, ba iska, ga zafi, ƙarshensa ɗaki ne fayau da akwatin dutse wanda ba komai a ciki. Saurayi ma fitowa yake yana haki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne masu raƙuma da dawaki da masu tallar tsaraba. Wani zai ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce, da ka taka biyu ya biyo ka da kuɗi. Wani zai ce hawa raƙumi kaza ne, in an hau sai ya ce sauka kuma da nata farashin. A gabana aka yi wa wata baiwar Allah haka, raƙumi ya miƙe da ita tana salati, mai shi ya tsaya yana ciniki da mijinta. Kada ka karɓi komai a hannunka, kada ka miƙa wa kowa tikitinka ko wayarka sai ma'aikaci a bakin ƙofa. Ka ce la, shukran, ka ci gaba da tafiya, kada ka tsaya bayani. Direba kuma in ya ce zai biya da ku wani gidan turare ko na takardar papirus wai na gwamnati ne, kamasho yake nema, ka ce a'a.

Ɗan Azhar:
Ƙari a kan maganar Hajiya: yanzu an buɗe sabuwar mashiga ta hanyar Fayyum, akwai bas-bas da ke zagawa da mutane a ciki, abin ya ɗan rage wahala. Tikiti kuma a manyan wuraren nan da katin banki ake saye, ba sa karɓar tsabar kuɗi, don haka ka tabbatar katinka na aiki a ƙasar waje tun kana gida. Farashin baƙo daban da na ɗan ƙasa, ɗalibi mai shaida kuma rabi yake biya. Sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025 yana nan kusa, kamar kilomita biyu daga dala. Kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a 1922, sama da guda 5,000, duk suna ciki. Sai dai faɗi gare shi sosai, in za ka shiga da Hajiya ka nemi keken guragu a bakin ƙofa, kada ka ji nauyi.

Injiniya Sabo:
Ni fa ina ganin kuna rage wa dala daraja. Mita 146 ce tsawonta na asali, ta yi shekara kusan 3,800 ba ginin da ya kai ta a duniya. Ba ƙarfe, ba injin ɗaga kaya. Hoto ba ya nuna ta. Sai ka tsaya a gindinta ka ga dutsen layin farko ya kai maka ƙirji, ka ɗaga kai hularka ta faɗi. A jikin ƙaramar cikin ukun akwai wani dogon rami, ɗan Salahuddin ne, Sarki Aziz Usman, ya sa a rushe ta a 1196, ma'aikata suka yi watanni suna fama suka gaji suka bari. Rushewa ma ta gagara. Masallaci kuwa ai muna da shi a ko'ina, wanda ya je Makka da Madina wane masallaci ne zai burge shi?

Ɗan Azhar:
Injiniya, da girmamawa, ka shiga masallacin Sultan Hasan kuwa? Kai da kake harkar gini shi ya fi dacewa da kai. An fara shi a 1356. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu mai lanƙwasa, kana tafiya kana laluben hanya, sai kawai ka ɓullo tsakar gida, sama a buɗe, rumfuna huɗu manya-manya sun kewaye ka, fitilu na reto da dogayen sarƙoƙi. Makarantu huɗu ne a kusurwoyinsa, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya. In aka yi sa'a wani ya ɗaga murya da karatu a rumfar alƙibla, sautin na zagaya dutsen nan ba lasifika. Ba maganar falala ake ba, falala tana masallatai uku. Maganar aikin hannun Musulmi ake, da abin da suka yi da dukiyarsu.

Ibn Ɗulun kuma ya girmi Alƙahira kanta, an gama shi a 879, kuma yana nan kusan yadda aka gina shi. Shi na fi so wa Hajiya. Fili ne fetal, ba cunkoso, ba mai talla, ƙasa a shimfiɗe ba hawa da sauka. A bakin ƙofa akwai dattawa da ke ɗaura wa mutum wani ƙyalle a kan takalminsa in ba ya son cirewa, sai ka ba su ɗan wani abu. In ta ɗaga kai a cikin rumfunan za ta ga ayoyin Alƙur'ani an sassaƙa a katako sun bi bango ƙarƙashin rufi, layi ɗaya da ba ya ƙarewa. Hasumiyarsa matakalarta a waje take tana naɗe ta, kai ka hau, ka bar Hajiya a inuwa da carbinta.

Injiniya Sabo:
Ban shiga ko ɗaya ba, direbanmu Ƙal'a kawai ya kai mu. Amma ban janye maganata a kan dala ba.

Malamin Tarihi:
Ba sai ka janye ba Injiniya, duka biyun za su je. Ƙal'ar ma ba ƙaramin wuri ba ce. Salahuddin ya fara gina ta a 1176, daga nan aka mulki Masar wajen shekara ɗari bakwai. Masallacin Muhammad Ali mai kubbobi da ake gani a hotuna sabo ne a cikinta, na ƙarni na 19, kuma a cikin ganuwar nan ne shi Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya gayyaci shugabannin Mamluk, sojoji 'yan asalin bayi da suka daɗe suna riƙe da ƙasar, biki a 1811 ya sa aka rufe ƙofa aka karkashe su. Daga farfajiyar ana ganin gari duka, ranar da sama ta washe har dala ana hangowa. Sai dai akwai hawa, a lura da gwiwar Hajiya.

Wurin da nake roƙon kada ku bari shi ne titin Mu'izz, daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila. Ƙofofin nan na dutse tun ƙarshen ƙarni na 11 suke tsaye. A tsakiya akwai ginin Sarki Ƙalawun na 1285, makaranta da kabari da asibiti a haɗe, asibitin da ake duba talaka da mai kuɗi kyauta daga dukiyar waƙafi, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar. Gaba kaɗan za ku ga wani ɗan gini a mararraba, na Abdurrahman Katkhuda, 1744: ƙasa wurin shan ruwa ne na sadaka ga mai wucewa, sama makarantar allo ce ta yara. Irinsu suna da yawa a birnin. Mai kuɗin wancan zamani in zai nemi lada, ruwa da karatu yake haɗawa a gini ɗaya. A ƙofar Zuwaila kuma Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. In ka fita ta nan sai kasuwar masu ɗinkin tanti. Hajiya za ta so ta ji cewa ƙarnuka da dama a wannan birni ake saƙa rigar Ka'aba a kai Makka da ayari, sai farkon shekarun 1960 aka daina.

Abu Sumayya:
Kun ga dai ko a nan Malam da kansa ya ce makaranta da kabari a haɗe. Abin da nake faɗa ke nan. Salla a inda kabari yake gaban mutum ba wasa ba ce. Kuma na ga a wasu wuraren an fara maganar ziyarar kabarin su Imam Shafi'i, hadisi ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku.

Ɗan Azhar:
Malam, ba sirdi suka ɗaura don kabari ba, asibiti ya kawo su. Wurin salla kuwa akwai zaɓi: masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, na farko a Masar, da Ibn Ɗulun, ba wanda zai ce maka komai a kansu. Wanda ya ga zai ziyarci Imam Shafi'i ya yi masa sallama da addu'a, kabarinsa na maƙabartar Ƙarafa, ya rasu a 820, kubbar da ke kansa an gina ta a 1211, an gyara ta an sake buɗewa a 2021. A maƙabartar nan ne Laisu ɗan Sa'ad yake, da Ibn Hajar mai sharhin Buhari, da Ibnul Ƙasim da Ashhab almajiran Imam Malik. Malam Abu Sumayya, ko kai na san ba ka rasa Ibn Hajar a ɗakin karatunka. Abin baƙin ciki, tun 2020 ake ta rushe sassan Ƙarafa ana fitar da tituna da gadoji, Misirawa masu kishin tarihi na ta kuka a kai. Hanyoyin ciki sun canza, kada ku shiga ku kaɗai, kada kuma ku kai magariba.

Abu Sumayya:
Sallama da addu'a ban hana ba. Zuwan mata maƙabarta dai akwai saɓanin malamai a kai, ya tambayi malaminsa kafin ya tafi.

Shugaban Zaure:
Jama'a, kowa ya faɗi hujjarsa cikin ladabi, Allah ya saka. Mas'alar kabari a tsaya nan, mai son ci gaba ya buɗe mata wani zaren. A koma kan abin da bawan Allah ya tambaya.

Hajiya Mai Abaya:
To ga na ciki. Abinci ba zai ba ku wahala ba. Da safe akwai ful, wake ne da aka dafa ya yi luguf da mai da lemon tsami, da ɗa'amiyya, ita kamar ƙosai take sai dai kore ce a ciki saboda ganye. Da rana koshari: shinkafa, taliya, adas (wani ɗan ƙaramin wake), miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, ga arha ga ƙosarwa. In Hajiya na da ciwon suga a rage mata shi, a nemi gasasshen kifi ko kaza. Ruwan gora za ku sha. In ta yi kewar tuwo, yaranmu ɗalibai a unguwar Hayyul Ashir sun san inda ake yi.

Tsaraba kuma kada ka saya a Khan Khalili, kallo za ka yi a can, farashin baƙi ne. Ka gangara kasuwannin Muski da Ataba inda 'yan gari ke saye, amma ban da Hajiya, turmutsutsun ya yi yawa, ka kuma riƙe aljihunka. Duk abin da aka faɗa maka ka taya ƙasa da rabi, in ya ƙi ka juya, zai kira ka.

Maman Walid:
A ƙara da jirgin ruwa mai filafilai a Kogin Nilu gab da faɗuwar rana. Ba tafiya, ba hawa, zama kawai za ta yi iska na kaɗa ta. Ku yi ciniki kafin ku shiga, ku ce mai filafilai kuke so, ba mai inji da kiɗa ba. A riƙe mata mayafi mai kauri.

Baban Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta wa Hajiya duka. Da ta ji maganar Suyuɗi da Shehu Halil sai ta ce mahaifinta da waɗannan littattafai ya tsufa, don haka magana ta ƙare, tsohon birni za a fara. Ta ce Juma'a a Azhar take so, sannan Ibn Ɗulun, sannan a kai ta ta hango dala daga mota. Ƙanena Ɗan Azhar, metro, jirgin ƙasan cikin gari, za mu hau ko tasi? Juma'ar kuma ƙarfe nawa ya kamata mu isa?

Ɗan Azhar:
Tasi za ku hau Yaya, ka kira ta manhajar waya don kuɗin ya fito a rubuce, ba ciniki. Metro na da sauri da arha, tun 1987 yake aiki, har da taragon mata zalla a tsakiya, amma matakala gare shi da turereniya, kuma in ta shiga na mata kun rabu ke nan. Ranar Juma'a da safe titi fayau yake, ita ce ma ranar da ta fi daɗin zirga-zirga. A Fabrairu ana kiran salla da sha biyu da 'yan mintuna, ku isa kafin sha ɗaya don ta samu wuri kusa da bango a sashen mata, ku zo mata da 'yar kujerar naɗewa saboda gwiwa. Ka ce wa direba ya sauke ku a gefen masallacin Azhar, ba gefen Husaini ba, in ba haka ba sai kun bi ta hanyar ƙarƙashin titi mai matakala. Ka riƙe kwafin fasfo ɗinku da takardar asibiti a aljihu. In kun sauka ka yi mini magana ta akwatin sirri, ranar ba mu da darasi, zan zo da wata ɗaliba 'yar Zariya ta shiga da Hajiya sashen mata ta kuma fito da ita.